Dala goma: abin da matan Cikana suka koya mini game da masu binciken makarantu



Akwai wata rana a aikina na koyarwa da har yau in na tuna ta sai kunya ta kama ni. Lokacin ina riƙe da ajin CE2 a wata lakwal ta ƙauye. Da hantsi, cikin hunturu, sai ga farar mota ta tsaya bakin ƙofa. Saurayi da budurwa suka fito, ƴan birni, kowanne da jaka cike da takardu. Suka ce wata ƙungiya ta aiko su su auna ƙoƙarin yara a karatu da lissafi, su kuma zaga gidaje su yi wa iyaye tambayoyi. Direkta ya ce in zauna tare da su, ni ce zan yi tafinta in sun shiga gari.

Cikin yaran da aka kira akwai wata yarinya mai kamar shekara tara, wadda kowace safiya sai ta gama tallar ƙosan uwarta kafin ta rugo lakwal, hannunta duk mai. Saurayin ya karanta mata tambaya da Faransanci: kin sayi sabulu uku, kowanne 150 F, kin ba mai kanti 500 F, nawa zai maido miki? Yarinyar ba ta taɓa allo ba, ba ta ƙirga da yatsu ba. Ta ɗan ɗaga kai sama, ta ce goma, da Faransancin da ta iya. Amsar da ke takardarsa hamsin ce, don haka ya ja mata sifili ya kira na gaba. Ni kuwa ina zaune na yi tsaki cikin raina, ina cewa yarinyar nan ta ba ni kunya gaban baƙi.

Da marece muka shiga gidansu. Budurwar ta ce in tambayi uwar littafi nawa ne a gidan. Uwar ta dube ni ta ce, “Irin naku na lakwal? Babu ko ɗaya, ɗiyata.” Na fassara na ce babu. A bangon ɗakin da muke zaune kuwa gafaka ce rataye da Alƙur'ani ciki, ga alluna uku jingine, ga wani tsohon kaye da uban yake rubuta bashin goron da yake bayarwa da ajami. Da aka zo kan tambayar ko uban ya iya karatu, gurbi biyu ne kawai a takardar, ya yi lakwal ko bai iya karatu ba. Da hannuna na nuna mata na biyun.

Sai da aka kwana biyu, ina sayen sabulu a kanti, mai kanti ya ce mini dala talatin, sannan abin ya faɗo mini. Ai 150 F dala talatin ce. Uku, dala casa'in. 500 F kuwa dala ɗari. Canji dala goma, wato 50 F daidai. Ashe yarinyar ta juya faran zuwa dala, ta ninka, ta cire, duk da ka, cikin lokacin da bai kai a sha ruwa ba. Abu ɗaya ta manta, ta maido amsar cikin harshen takarda. Ta yi lissafin da ya fi wanda aka tambaye ta wuya, aka ba ta sifili, malamarta tana kallo. Ban koma na gyara komai ba, motar ta riga ta tafi. A ƙarshen shekara na rubuta mata a takardar sakamako cewa lissafinta da rauni, don a kan allo haka yake. Ta maimaita ajin, shekara ba ta zago ba uwarta ta cire ta. Da na je biko ta ce mini, “Madam, ku da kanku kuka ce ba ta da kai.”

Abin da ya sa na tono wannan labari shi ne wasu rubuce-rubuce da ƙanena, wanda ke karatun ilimin tarbiyya a jami'a, ya dinga turo mini ta WhatsApp. Da Ingilishi suke, na karanta su a hankali tare da wata abokiyar aiki mai koyar da harshen. Na mutanen Amurka ne, a kan makarantun Amurka, kuma ina so in fara ba da labarinsu a inda yake kafin in dawo gida.

A kudu maso yammacin Amurka akwai mutane masu asali daga Meksiko. Da yawansu ba su tsallaka iyaka ba, iyakar ce ta tsallake kakanninsu, domin bayan yaƙin da ya ƙare da yarjejeniyar 1848 Meksiko ta rasa Kalifoniya da wasu manyan yankuna. A shekarun 1960 matasansu masu fafutuka suka rungumi sunan Cikano, mace kuma Cikana. A gida Sifaniyanci suke yi, makaranta kuwa Ingilishi kawai ta sani. Marubuciyarsu Gloria Anzaldúa, ƴar jihar Teksas, ta ba da labari a littafinta na 1987 cewa an buge ta da rula a hannu don an kama ta tana Sifaniyanci lokacin hutun wasa. Da na karanta wannan sai na taɓa wuyana. Mu da muka yi firamare a shekarun baya mun san sambol, ƙashin nan da ake rataya wa duk wanda bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa, shi ma ya yi ta farautar wanda zai miƙa wa kafin a tashi. Na rataya shi ba sau ɗaya ba.

A watan Maris na 1968 dubban ɗaliban sakandare a gabashin birnin Los Anjalas suka fice daga azuzuwa suka hau titi. Suna neman a koyar da harsuna biyu, a daina dukan ɗalibai, a sa tarihin mutanensu cikin darussa, a ƙaro malamai daga cikinsu. An kama mutum 13 bisa zargin shirya abin, har da malaminsu Sal Castro. Da aka zo rubuta tarihin wannan bore, sunayen maza suka fi yawa, kamar ba mata a ciki. Wata mai bincike, Dolores Delgado Bernal, ita ma Cikana, ta je ta nemo mata takwas da suka yi fafutukar, ta zauna da kowacce ta saurari labarin rayuwarta. Daga nan ta tara su wuri ɗaya, ta shimfiɗa musu abin da ta fahimta, suka tattauna, suka gyara mata. Abin da ya fito shi ne matan sun yi shugabanci sosai: su suka kira tarurruka, suka buga ƴan jaridu, suka haɗa mutane da juna. Masu binciken farko sun ɗauka shugaba shi ne mai riƙe lasifika gaban taro, da wannan mudun suka auna, shi ya sa matan suka zube.

A 1998 ta rubuta wata maƙala kan hanyar da ta bi. Ta ce mai bincike da ta fito daga cikin mutanen da take nazari tana ɗauke da wata basira da ta gada daga al'ada, kuma bai kamata ta ɓoye ta kamar abin kunya ba. Ta ce basirar tana da mafari huɗu: abin da mutum ya rayu a ciki har da labaran da ya ji bakin iyaye da kakanni, abin da ya karanta, abin da ya gani wurin aikinsa, da kuma shi kansa zaman tantance bayanai, musamman in an yi shi tare da masu labarin. Daga baya ita da wasu mata irinta suka faɗaɗa hanyoyi biyu da sunayensu na Sifaniyanci. Ɗaya testimonio, wato mutum ya ba da shaidar abin da ya same shi da bakinsa, da niyyar a san cewa ba shi kaɗai abin ya sama ba. Ɗayar plática, wato hira irin ta tsakar gida, inda mai tambaya ita ma take buɗe cikinta ta faɗi nata. Mu dai mun daɗe da cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, su kuma sun mai da wannan ƙa'idar aiki a jami'a.

Wannan aiki nasu ya haɗu da wata mazhaba da ta taso daga lauyoyi baƙaƙen fata da abokansu, mai bin diddigin yadda wariyar launin fata ke ɓoye cikin doka. Babbansu Derrick Bell ya lura cewa kotun ƙoli ta haramta raba makarantun baƙaƙe da farare tun 1954, amma shekaru suka shuɗe ƴaƴan baƙaƙe na nan a makarantu marasa galihu. Sai suka ce wariya ba ta buƙatar mugun mutum kafin ta yi aiki, tana iya zama cikin tsarin da kowa ke gani daidai ne. A 1995 Gloria Ladson-Billings da William Tate suka shigo da wannan tunani fagen ilimi. Misalin da ya fi zauna mini shi ne na kuɗi: a Amurka kaso mai yawa na kuɗin makaranta daga harajin gidajen unguwa yake fitowa, don haka unguwar da gidajenta ke da tsada makarantarta ta fi kayan aiki, ba tare da kowa ya rubuta kalmar wariya a takarda ba. Kimberlé Crenshaw kuma a 1989 ta nuna cewa baƙar mace tana iya faɗawa ramin da ba a gani in ana ƙirga mata daban, baƙaƙe daban. Ta kawo shari'ar wasu baƙaƙen mata da kamfanin motoci na General Motors, inda kotu ta ƙi yarda a haɗa ƙorafin jinsi da na launi wuri ɗaya.

To mene ne ruwan wannan da hanyar bincike? Daniel Solórzano da Tara Yosso sun yi bayani a 2002 cewa kowace al'umma tana da labarin da masu ƙarfi ke bayarwa har ya zama kamar gaskiyar da ba a tambaya. Game da ƴaƴan Cikano labarin shi ne iyayensu ba su damu da karatu ba, harshensu cikas ne, gidajensu fanko ne. Mai binciken da ya haɗiye wannan labari tun kafin ya fito ofis, takardar tambayoyinsa za ta zama jerin abubuwan da babu: littafi nawa babu, aji nawa uba bai yi ba. Zai dawo da lambobi masu tsabta da ke tabbatar da abin da ya tafi da shi. Maganin da suka kawo shi ne a tattara labaran da ke ƙalubalantar wancan, daga bakin waɗanda ake magana a kansu, a ɗauke su a matsayin hujja. A 2005 Yosso ta jera dukiya iri shida da yaran ke shigowa aji da ita ba a lissafa ta: buri duk da wahala, iya harsuna da salon magana, tarbiyyar dangi, sanin mutanen da za su taimaka, iya bi ta cikin hukumomin da ba don su aka gina ba, da ƙarfin ƙin yarda da zalunci. Tun kafin wannan, a birnin Tusan na jihar Arizona, Luis Moll da abokan aikinsa sun riƙa tura malamai gidajen ɗalibansu su je a matsayin masu neman sani, su ga abin da gidan ya iya na noma, gini, kasuwanci ko magani, su dawo su gina darasi a kai.

Da na kai nan sai na ajiye wayar, takardar da na taya cikawa a gidan mai ƙosai ta tsaya mini a ido. Ba ta da gurbin ajami, ba ta da gurbin allo, ba ta da gurbin dala. Waɗanda suka tsara ta sun yanke abin da ake kira sani kafin su tako ƙauyen, kuma yaran biyu da suka kawo ta ba su da ikon ƙara ko layi ɗaya.

Sai dai ina so in ja kunnen kaina da na ƴan uwana, kada mu ɗauko rigar wani mu zura ba gwaji. Mazhabar nan an ɗinka ta ne a kan tarihin Amurka, tarihin bauta da dokokin raba farare da baƙaƙe. A ajina ni da ɗalibaina da masu binciken duka launinmu ɗaya. Katangar da ke tsakaninmu ta harshe ce, da ta birni da ƙauye, da ta wanda ya yi lakwal da wanda bai yi ba, sannan ta ɗiya mace mai talla da ɗa namiji da ke isowa aji da wuri. Gaskiya ne tushen katangar harshen yana komawa ga mulkin mallaka, wanda shi kansa a kan fifita farar fata aka gina shi. Amma ba sai mun je Kalifoniya za mu ji wannan ba. Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya rubuta littafi kan ilimi a Afirka tun 1964 yana kiran a koyar da yara da harsunansu, kuma tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Abin da na aro daga matan Cikana tambayoyi ne da hanyar aiki: wa ya tsara tambayar, wa aka tambaya, wa ya fassara amsar, kuma an koma wurin mai amsar an ce masa haka kake nufi?

Akwai kuma sukar da ake yi musu wadda ban ga laifinta ba. Ana cewa labari ba hujja ba ne, mutum yana mantuwa, yana ƙari, kuma labarin mace takwas ba zai gaya maka halin ƙasa ba. An taɓa yin babbar muhawara kan littafin shaidar Rigoberta Menchú ta Gwatamala, wadda ta samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1992, bayan wani mai bincike ya nuna cewa wasu abubuwan da ta ce ta gani ba haka suka faru ba. Ni ba na cikin masu cewa a watsar da ƙidaya. Ba don ƙidaya ba, ba za mu san yara nawa ke fita CM2 ba su iya karanta layi ɗaya ba, kuma ba za mu iya tsayawa gaban hukuma mu nemi azuzuwa da tebura ba. Sifilin da aka ba ɗalibata ma yana da gaskiyarsa: ba ta iya ba da amsa da harshen jarrabawa ba, kuma da wannan harshen za a yi mata jarrabawar. Kuskuren shi ne fassarar da muka yi wa sifilin. Mun karanta shi a matsayin ba ta iya lissafi ba, alhali maganin da take buƙata darasin sati ɗaya ne kan juya dala zuwa faran. Tambaya ɗaya ta isa ta tone wannan: yaya kika yi kika samu goma?

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne batun basirar ɗan gida. An ce mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba, to a ranar ni ce mai ɗakin. Da dala na tashi, uwata da dala take ba ni kuɗin cefane, ubana da ajami yake rubuta wasiƙa. Duk da haka ban gani ba, domin shekarun sambol da na makarantar horon malamai sun koya mini in ajiye wannan sanin a bakin ƙofa tare da takalmina. Zama ɗan gida bai isa ba in an riga an koya maka raina gidan. Ina ganin shi ya sa Delgado Bernal ba ta tsaya kan basirarta ita kaɗai ba, ta mai da abin da ta fahimta gaban matan nan takwas su duba.

Yanzu ga abin da na canza, ba don na zama mai bincike ba, sai don kowane malami bincike yake yi kullum ko bai sani ba. Duk sifilin da muka ja, duk kalmar da muka rubuta a takardar sakamako, hukunci ne da iyaye ke ɗauka da muhimmanci fiye da yadda muke zato. In yaro ya ba ni amsar da ba ita ke littafi ba, sai na tambaye shi hanyar da ya bi, da Hausa, kafin in ɗauki jan biro. A farkon shekara ina zaga gidajen da zan iya, ba tare da takarda ba, in zauna kan tabarma in ce, “Inna, me yarinyar nan ta iya a gida da ban sani ba?” Da farko dariya suke yi, su ce ai ba ta iya komai ba. In hira ta yi nisa, ni ma na ba da labarin tallar da na yi ina ƙarama, sai ka ji an ce ita ke riƙe lissafin adashin uwarta, ko ta sauke izu kaza, ko tana jin Fulatanci don kakarta. Darasin ninkawa da biyar kuwa yanzu da kuɗin kasuwa nake fara shi, kuma masu talla ne ke gaba a ranar.

Ku kuma iyaye, in masu takarda suka yi sallama a ƙofarku, ku karɓe su da mutunci, aikinsu suke yi. Amma kuna da damar tambayar su wa ya aiko su, me za a yi da amsarku, kuma yaushe za a dawo a gaya muku abin da aka gano. In an ce littafi nawa ne a gidan, ku nuna gafaka. In an ce kun iya karatu, ku ce wane iri. In babu gurbinsa a takardar, ku ce a rubuta a gefe. Mu kuma da ake sa mu tafinta, mu daina taƙaita maganar mutane don ta shiga akwati.

Yarinyar nan yanzu matar aure ce. Bara na gan ta a kasuwar garinsu tana sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, goye da ɗa, mutum uku na miƙo mata kuɗi lokaci ɗaya tana ba kowa canjinsa ba ta ko duba ba. Ta gaishe ni da ladabi, ta ƙi karɓar kuɗina. Na so in gaya mata cewa amsarta ta ranar nan daidai ce, sai na ga kasuwa ta cika, na ce sai wani zuwan. In Allah ya kai mu hutun nan zan koma, kuma wannan karon zan faɗa mata. Allah ya yafe mana kurakuranmu, ya shirya mana zuri'a.